Allon Shagon Kawu Mai Kujeru

Kawuna ya yi shekara talatin yana gyaran kujeru a wani ɗan shago mai ƙofa ɗaya. Ya yage tsohon yadi, ya sauya soso, ya ja sabo ya buga. Bai cika magana ba, don kullum bakinsa cike yake da ƙusoshi.

Da babbar 'yarsa ta gama makaranta sai ta ce shagon na buƙatar allo. Ta rubuta kalmar Turanci ɗaya da jan fenti, wadda Kawu ke kira "rikoba". Ta ce ma'anarta sake lulluɓe kujera.

Kashegari wata mata ta shigo ta ce ɗankunnenta ya ɓata, a nemo mata.

"Baiwar Allah, kujera muke gyarawa," in ji Kawu.

"To don me kuka rubuta kuna dawo da abin da ya ɓata?"

Kawu ya tofar da ƙusoshi ya nufi wurin maƙwabcinsa, wani tsohon malamin makaranta. Malam ya sa tabarau ya buɗe ƙamus.

"Daga Faransanci ta shigo Turanci," ya ce, "su ma daga Latin suka samo ta, inda take nufin sake kama abin da ya kuɓuce. Shi ya sa ake faɗinta ga wanda ya samu abinsa, da mara lafiyan da ya warke. Ta lulluɓin kujera daban ce, kama kawai suka yi."

"To wanne na yi alkawari a cikin ukun, Malam?"

"Duka. Ai ka rataye allon."

Kawu ba ya saɓa alkawari, kuma kujera kaɗai ya sani. Ya ce wa matar ta kawo kujerarta. Ya farke ta, sai ga ɗankunne, da cokali biyu, da takardar haihuwar mijinta wadda ta ƙara masa shekara shida.

Labari ya bazu. Wani direba ya zo neman kyanwarsa, aka same ta cikin kujera da 'ya'ya huɗu. Mai ciwon baya ya zo, Kawu ya zaunar da shi kan sabon soso, ya yi barcin awa uku, ya tashi yana rantsuwa ya warke. Wani dattijo kuma ƙuruciyarsa ya ce yana nema. Kawu ya laluba cikin kujerar dattijon ya zaro masa tsohon hotonsa. Dattijon ya daɗe yana kallo.

"Ashe tun da can haka hancina yake," ya ce. Ya yi godiya ya tafi.

Bara Kawu ya rasu. Da muka buɗe durowarsa muka tarar da kayan da ba a zo karɓa ba, har da haƙoran roba. Tsofaffi uku suka gwada. Na ukun ya ce sun ɗan matse shi, amma nasa ne.