Wayar Zauren Dagaci

Da hantsi ina ƙofar gida ina tufkar igiyar guga. Ranar kasuwar Babura ce, maza sun tafi tun asuba. Matata Tabawa ta ɗauki tulu ta nufi rijiyar bayan gari, inda ake shayar da shanu.

Ni makaɗi ne. Gangi na gada, kiɗan neman agaji. In na buga, ƙauyen gaba ya amsa, na gabansa ya ɗauka. Kafin tuwo ya huce maza sun taru da kwari da baka. Da kuɗin man fetur ya shigo, gwamnati ta kafa waya a zauren dagaci, irin mai hannun nan da ake murzawa. Aka ce gangi tada hankali ne, aka hana. Aka karɓe gangata aka kulle a ɗakin ajiyar dagaci. Gara ta ci turakun wayar tun damina. Mai duba waya ya zo daga birni sau biyu. Ya ci kaza, ya sa hannu a takarda, ya tafi. Bai taɓa kara ta a kunne ba.

Rana ba ta kai tsaka ba na ji harbin farko, daga wajen rijiya. Sai na biyu. Shanu suka ɗau kuka. Ɓarayin shanu ne, da bindigogin da suka yi arha bayan yaƙin basasa.

Na ruga zauren dagaci. Na tarar da tsohon yana murza waya, gumi na zuba daga rawaninsa. Ya murza, ya saurara. Ya sake murzawa. Babu ko tari a cikinta.

Na ɗauki taɓarya na fasa ɗakin ajiya. Ya ce, "Doka fa!" Ban juyo ba. Fatar gangar ta saki, amma ta yi magana. Na hau kan katanga na buga har hannuna ya fashe. Na tsaya na kasa kunne gabas. Shiru. Yamma, shiru. Ƙauyukan nan ma an kulle gangunansu.

Da azahar ɓarayin suka shigo gari. Suka sa wa rumbuna wuta. Wani ya yi ihu, "Ku fita ta kudu!" Na goya uwata, 'ya'yana mata biyu suka riƙe rigata. Muka bi ta cikin kara a duƙe. Ba ruwa, ba takalmi. Muna jin faɗuwar jinka a bayanmu. La'asar ta same mu a wani kwari. Da magariba muka isa wata ruga, Fulani suka ba mu nono, ba su tambaye mu komai ba.

Washegari muka koma gari, motar 'yan sanda ta zo da la'asar. Wani mai keke ne ya kai musu labari. Babbansu ya tambaya wa ya karya doka ya buga gangi. Na ce ni ne, kuma gobe ma in ta kama zan buga. Na ce ya shiga zaure ya kira birni a waya a zo a kama ni. Ya shiga. Ya fito bai dube ni ba.

Mutum bakwai muka tarar a bakin rijiya. Biyar mata ne. Na gane Tabawa da zanenta. Mun binne su kafin rana ta faɗi, ita ce ta uku daga gabas.