Man Aksul ɗin Baba Kunne

Kunne ake ce masa, ba don kunnuwansa sun fi na kowa faɗi ba, ko da yake su ma ba baya ba ne. A gareji ya samo sunan. Mota za ta shigo tana kuka, mai ita yana ta bayani da baki da hannu, shi kuwa sai ya ce a yi masa shiru, ya karkata kai, ya ce, "Boris ɗin tayar baya ne, ta hagu." A kwance taya, a tarar haka ɗin ne.

A ƙarƙashin motocin mutane ya ƙare ƙuruciyarsa. Da sifana ya yi aure, da ita ya gina gida, da ita ya kai 'ya'ya makaranta. Mafaɗaci ne, wannan ba a ɓoye yake ba. Duk wanda ya koyi aiki a hannunsa ya sha tsawa har ya ƙoshi. Amma abin da ya fi tsana a duniya shi ne a bi bayan aikinsa. Idan ya ɗaure noti, to ya ɗauru. Dogo, babban almajirinsa a sana'a, ya taɓa ɗora sifana a kan notin da Kunne ya ɗaure, wai yana tabbatarwa. Ranar har masu shagunan maƙwabta sai da suka fito ba da haƙuri. Yanzu Dogon ne ke riƙe da garejin, can a kwanar layi, shi ma furfura ta fara cin gemunsa.

Gwiwa ce ta zaunar da Kunne a gida. Cikin dubban motocin da suka bi ta hannunsa, guda ɗaya ta rage masa: tsohuwar a-kori-kurar Auta, 'yarsa ta ƙarshe, wadda ke sarin ƙwai tana rarraba wa shaguna. Lokaci-lokaci takan kawo ta ƙofar gida ta ce, "Baba, ga mutuniyarka." Ranar sai ka ga tsoho ya miƙe, ya zura tsohuwar rigar aiki, har da 'yar waƙa a hanci.

Akwai abin da yake ɓoyewa. Tun bara kansa ya fara yi masa wasa. Zai shiga ɗaki ya tsaya tsakiya, ya rasa abin da ya kawo shi. Ya taɓa neman tabarau har ya hargitsa gida, ƙarshe a cikin firji aka same shi. Sunan jikansa ya taɓa ɓace masa, yaron na tsaye a gabansa. Duk lokacin da haka ta faru sai ya rufe da faɗa, ya ce mutanen gidan ne ba sa barin kaya inda aka ajiye. Tsoro yake ji, tsoro na gaske. Ya san ranar da aka gane, ranar za a raba shi da motar Auta, daga nan ya zama tsohon da ake fitar wa kujera ƙofar gida a mayar da shi da yamma.

Wata safiya Auta ta kawo motar da sabon galan na man aksul. Aksul shi ne ƙullin ƙarfen nan mai kama da tukunya da ke tsakanin tayoyin baya, wanda ke raba musu ƙarfin inji. Mutane na tuna man inji, amma shi wannan sai ya fara kuka ake sanin yana nan.

Kunne ya shimfiɗa kwali, ya zame ƙarƙashin mota yana nishi. Ya fara kwance notin sama, wanda ake zuba mai ta cikinsa, don haka ya koya wa kowa: kar ka zubar da tsoho sai ka tabbatar kana da ƙofar zuba sabo. Sannan ya kwance na ƙasa. Man ya tsiyayo cikin kwano, baƙi wuluk, da warinsa mai hawa kai.

"Auta," ya ɗaga murya, "har aksul ɗinki warin ruɓaɓɓen ƙwai yake yi."

"Ai sana'a ce ta bi shi, Baba," ta amsa daga cikin gida tana dariya.

Ya goge garin ƙarfen da ya manne a kan notin ƙasa, ya mayar, ya ɗaure. Daidai nan matarsa ta leƙo.

"Baban Auta, fito ka sha maganinka."

"Ina aiki."

"Jiya ma haka ka ce. Fito."

Ya ɗora notin sama da hannu don kar ƙura ta shiga, ya fito, ya sha magani, ya tsaya suka ɗan taɓa gardama a kan wanda ya bar famfo a buɗe. Da ya koma ƙarƙashin mota ya ga noti a wurinsa, sai hannunsa ya yi abin da ya saba: ya ɗauki sifana ya ɗaure shi tam. Ya fito yana kakkaɓe riga, ya bugi gefen mota ya ce, "Ta yi." Auta ta yi godiya, ta ja mota da lodin ƙwanta ta tafi.

Sai da ya zo naɗe kwali ya ga galan ɗin a jikin bango. Ya ɗaga shi. Da nauyinsa. Ya duba murfi, ko ɓalle shi ba a yi ba.

Wata irin kunya ta taso masa daga ciki har ta rufe masa ido. Shi, Kunne, wanda ya taɓa korar mutum saboda ya bar tsumma a kan inji. Ya waiga hagu da dama, layi ba kowa. Abin da ya yi bayan nan ya fi mantuwar muni: ya ɗauki galan ɗin ya shige da shi ɗakin ajiya, ya tura shi bayan tsofaffin tayoyi, ya rufa masa buhu. Wata zuciyar ta ce masa motar ai tsohuwa ce, in ta lalace a hanya wa zai ce shi ne?

Ya fito ya zauna. Amma kunnen nan nasa bai bar shi ba. Yana zaune yana jin yadda abin zai kasance, don ya san kukan busasshen aksul kamar yadda ya san muryar matarsa. Zai fara da 'yar ƙara siririya, ya koma gurnani, ƙarfe na cin ƙarfe yana zafi, daga nan tayoyin baya su cije gaba ɗaya. A kan babban titi, manyan motoci na biye. Kuma Auta ce a ciki.

Ya lalubo waya ya kira ta.

"Auta, tsaya. Duk inda kike, sauka gefe ki kashe mota."

"Baba, lafiya?"

"Ban zuba man ba. Na zubar da tsohon, ban zuba sabo ba. Mantawa na yi. Ba yau na fara ba, Auta. Kaina ne, ya daɗe yana..."

Ta cikin wayar ya ji bugun guduma da ƙarar injin ba taya iska. Ko cikin barci ya san wannan wurin.

"Ina kike?"

"Ina wurin Dogo, Baba," ta ce a hankali. "Motar a kashe take."

"Me kika je yi?"

"Nan nake fara biyowa. In ka gama, sai ya ɗan duba."

"Tun yaushe?"

"Tun bara. Ranar da ka bar notin taya a kwance." Ta ja numfashi. "Inna ta sani. Mun ga kana jin daɗin aikin ne, shi ya sa."

Ya kashe wayar. Ashe duk ɓoyon da yake yi, shi kaɗai ne bai san an sani ba. Duk bugun gefen motar nan da "ta yi", mutum uku na kallonsa suna rufa masa asiri, har da wanda ya wulaƙanta a gaban jama'a saboda sifana ɗaya. Ya so ƙasa ta tsage ya shige. Matarsa na tsaye bakin ƙofa, bai iya ɗaga ido ya dube ta ba.

Ya tashi ya shiga ɗakin ajiya, ya yaye buhun a gabanta, ya ciro galan ɗin. Ya bi layi da shi a hannu, yana ɗingishi, masu shaguna na gaishe shi yana amsawa kai a ƙasa.

Dogo na ganinsa ya miƙe. "Oga, sannu da zuwa. Ai da ka bari na aiko."

Dogo ya shimfiɗa masa kwali, ya miƙa masa sifana da tiyo, ya ja da baya ya juya fuska, kamar mai neman wani abu a kan benci. Tsohon ya shiga, ya kwance notin sama, ya ɗura mai har ya fara dawowa ta bakin ramin. Ya sa yatsa, ya fito da shi jiƙe. Ya mayar da noti ya ɗaure.

Bai fito ba. Ya ɗan jima kwance yana kallon cikin motar, Auta na kallon ƙafafunsa. Sannan hannunsa ya leƙo daga ƙarƙashi, riƙe da sifana.

"Dogo," ya ce, "zo ka bi bayana."