Ranar da Kallamu Ya Gwada Jirgin Madam Fong

Duk wanda ya taɓa sayen kaya a Guangzhou ta hannun Kallamu ya san halinsa: ba ya aika abin da bai gwada da hannunsa ba. Mutumin Maraɗi ne, shekararsa goma sha bakwai a garin nan. Da ɗinkin takalma ya fara a gida, ya rako wani ubangidansa China, ubangidan ya koma, shi ya zauna. Yanzu aikinsa shi ne 'yan kasuwar gida su kira shi su faɗi abin da suke so, ya nemo, ya duba, ya loda a kwantena. Yana jin Sinanci kamar a nan aka yanke masa cibiya.

Na taɓa ganinsa a wani kamfanin kujeru ya hau kan kujera da ƙafa biyu yana tsalle, mutum da furfura a gemu. Yana kuma da doka guda da ba ya karyawa: ba ya zuwa ranar da mai kaya ya sa masa. In aka ce ya zo Alhamis, Talata za a gan shi, ya wuce kwalin da aka ajiye masa a gaba ya ciro na can ƙurya. A wurinsa duk mai kayan da ya ce ka dawo jibi, akwai abin da zai gyara kafin jibin. Sau da yawa kuwa gaskiyarsa ce. Wannan doka ce ta yi masa suna, ta gina masa gida a Maraɗi, ita ce kuma ta kusa halaka mu mu uku.

Ni sunana Ghali, daga Kano. Wanduna nake saye a kasuwar Canaan ina aikawa Kwari, kuma gida ɗaya muke haya da Kallamu a unguwar Sanyuanli. Ba abin da ya haɗa ni da ruwa sai wanka da alwala.

Bayan an tashi baje kolin Pazhou na bazara, wani Alhaji Maidaji ya kira Kallamu. Wannan Alhajin yana da otal a bakin teku a Kwatano, ya ga tallar wani tsohon jirgin ruwa na shan iska, irin mai dogon ƙarfe a tsakiya da ake ɗaura wa ƙyalle iska ta tura shi. Yana so ya saya don baƙinsa. Jirgin yana ajiye a Nansha, can kudancin gari inda kogi ke shiga teku. Alhaji ya ce, “Kallamu, in ka ce ka gwada, na saya.”

Mai jirgin ta sa masa Alhamis. Ran Talata da safe ya tashe ni.

“Ghali, tashi ka raka ni. Kai za ka ɗauki bidiyo.”

“Yaya Kallamu, ka iya ninƙaya?”

“Mi ya haɗa ni da ninƙaya? Ai ba ruwan zan saya ba.”

Da na san abin da ke jirana, wallahi da na ce cikina ke ciwo.

Mai jirgin wata dattijuwa ce, Madam Fong, tsohuwar malamar makaranta, gajeriya, fuskarta duk rana ta ƙone. Ita da mijinta suka yi shekara ashirin suna yawo da jirgin, mijin ya rasu, gwiwoyinta kuma sun fara ba ta wahala, 'yarta na ta kiranta ta koma wurinta. Shekara guda ke nan tana neman mai saye. Ta yi mamakin ganinmu amma ba ta ɓata rai ba, ta shigar da mu ciki.

Gaskiya jirgin ya tsaru. Tsawonsa mita goma sha ɗaya. A ciki akwai ɗakunan kwana guda biyu, da banɗaki, da firji, da murhun gas da aka rataye yadda ko jirgi ya karkata tukunya ba za ta zube ba. Akwai farantin sola a baya, da rediyon kiran taimako, da wani allo mai nuna hanya da zurfin ruwa. Kallamu ya buɗe kowace durowa, ya kunna kowane fanfo, ya durƙusa ya shinshina injin, ya ja igiyoyi ɗaya bayan ɗaya. Ta gaya masa akwai ƙarfe mai nauyin tan biyu a ƙarƙashin jirgin, shi ke hana shi kifewa. Ya ce wannan bai gani ba, don haka bai ji ba.

Sannan ya ce a fita da shi ruwa.

Madam Fong ta ɗaga kai ta kalli sama, ta girgiza kai. Ni ban ga komai a saman ba sai rana. Suka yi ta Sinanci, ya juyo gare ni yana murmushi.

“Ka ji ko? Wai yau iska za ta taso bayan azahar, mu dawo Alhamis. Ban faɗa maka ba? Akwai abin da ta ɓoye.”

“Yaya, ko mu bi maganarta? Ita ta san ruwan nan.”

“Ni kuma na san masu kaya.”

Ya ce mata, “Laoban,” yadda ake kiran mai kaya a nan, “yau ko a fasa.” Na ga yadda ta kalli jirgin, na ga ta lissafa shekarar da ta yi tana jira. Ta ɗaga yatsa ɗaya, wato awa guda tak. Ta miƙo mana rigunan ceto masu ruwan lemo. Na ɗaure tawa har sai da numfashina ya yi wuya.

Da inji muka fita. Tun kafin mu bar bakin gaɓa tsoro ya kama ni, don ƙasan da ke ƙarƙashin ƙafata ba ya tsayawa wuri ɗaya. Da muka yi nisa ta buɗe ƙyallen, ta kashe injin, sai shiru. Jirgin ya ɗan kwanta gefe ya fara gudu, ba ƙara, sai sautin ruwa. Na ƙanƙame ƙarfen da ke kusa da ni ina salati. Ta nuna mana lamba a allo, ta ce wannan gudu ne mai kyau a iska kaɗan, kuma jirgin na iya tafiya ko iska na zuwa ta gaba, sai dai ya riƙa ratse hagu da dama.

Awa ta cika, ta ce a juya. Kallamu ya ce ai gefe ɗaya kawai ya gani, sai an gwada ɗayan. Aka gwada. Ya ce a buɗe ƙyallen gaba duka, ya ga ko akwai faci a ciki. Ta yi masa magana da ƙarfi tana nuna kudu. Na bi yatsanta da kallo. Can nesa sama ta yi baƙi ƙirin har ta haɗe da ruwa, kuma wajenmu take tahowa. Shi kuwa gogan naka yana durƙushe yana duba ɗinki.

Ban san iska na iya dukan mutum kamar bango ba sai ranar. Jirgin ya kwanta har ruwa ya taɓa bakin gefensa. Wayata ta suɓuce ta tafi, ban ko bi ta da ido ba. A ciki na ji kwanoni na zubewa. Ruwan sama ya sauko har ba na ganin gaban jirgin, kuma ta cikin hazon nan na ji ƙahon wani ƙaton jirgin kwantena, ban san ta ina yake ba. Na tuna 'yata Maijidda da ban gani ba wata takwas. Na fashe da kuka, ba zan ɓoye ba, na yi kalmar shahada ya fi sau goma.

Ƙyallen ya yi wa iskar nan yawa, dole a rage shi, kuma wata igiya ta sarƙe can gaba. Mutum ɗaya ne a cikinmu ya san yadda ake yi. Madam Fong ta fizgo Kallamu ta kwala, ta ɗora hannuwansa a kan sitiyari, ta nuna masa wata lamba a kamfas, na'urar nan mai allura da ke nuna arewa, ta daka masa tsawa. Daga baya ya gaya mini abin da ta ce: kar allurar nan ta bar lambar nan, ko me zai faru.

Sai ta ɗaura wata igiya a ƙugunta ta fara rarrafe zuwa gaba. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, a kan rufi mai santsi da ya karkace, igiyar ruwa na wanke ta. Sau ɗaya ƙafafunta suka zame har suka leƙa waje, ta rataya da hannu guda. Na rufe ido. Da na buɗe tana nan, tana jan kanta sama.

Na kalli Kallamu. Mutumin da ban taɓa ganin ya razana ba, ga shi idonsa a kafe a kan allurar, yana faɗin, “Ya Allah, ba don halina ba. Ya Allah, ba don halina ba.” Bai ɗaga kai ba ko sau ɗaya.

Ƙyallen ya sauko rabi. Jirgin ya miƙe kaɗan, ya daina gurnani, ya ci gaba da keta ruwa kamar ba abin da ya faru. Ta dawo da rarrafe ta karɓi sitiyarin, sai na ga jini a jikin sitiyarin. Igiya ta sale mata tafin hannun dama. Haka ta tuƙa mu har muka iso gaɓa, lokacin rana ta sake fitowa.

Da na taka siminti sai na zauna daɓas. Kallamu ya cire hularsa ya matse, ya matsa kusa da ita yana sunkuyar da kai. Ya ce mata bai taɓa ganin kaya mai kyau irin wannan ba, ya saya, yadda ta faɗi kuɗin, ba ragi. A shekara goma sha bakwai ban ji ya taɓa faɗa wa kowa haka ba.

Tana naɗe hannunta da tsumma ta dube shi ta ce, “Meiyou.” Kalmar da masu shago ke faɗa mana kullum in abu ya ƙare: babu. Ta ƙara wata magana a hankali, ta juya ta shiga jirginta.

A jirgin ƙasa muna komawa, kayanmu na ɗiga, mutane na matsawa nesa da mu, na tambaye shi me ta ce. Ya ce cewa ta yi mijinta bai taɓa musu da ita a kan iska ba, kuma gara jirgin ya ruɓe a nan da ya bi ta hannun wanda ake gaya wa gaskiya ba ya ji.

Ya ciro wayarsa daga leda zai yi wa Alhaji Maidaji saƙon murya. Ya fara ya goge, ya sake farawa ya goge. A na uku ya ce, “Patron, na gwada. Jirgi ba shi da aibi ko ɗaya. Amma ba za a sayar muna ba, kuma laifina ne. In mun yi waya in faɗa maka.” Ya tura.

Muka wuce tasha uku. Ni haushinsa nake ji, na shirya maganganun da zan gasa masa in mun isa gida. Sai ya juyo ya dube ni.

“Ghali,” ya ce, muryarsa can ƙasa, “da ta faɗa ruwa lokacin nan, cikinmu wa ya iya juya jirgin ya ɗauko ta?”