Ranar da Baba Ya Je Karɓo Yayana

Kafin a haife ni, mahaifina lauya ne a Sudan, a wani gari na bakin kogi inda Hausawa suka yi yawa. Yawancin shari'unsa na manoma ne da ake neman ƙwace musu gonaki. Su ne suka haɗa kai suka tsayar da shi takara, ya ci, ya tafi majalisa. Bai gama wa'adinsa ba sojoji suka karɓi mulki, aka rufe majalisar, shi kuma aka tsare shi. Da aka sake shi sai ya ɗauko Umma da yayana, wanda a lokacin ake goyonsa, suka tsallako Jidda.

Ni duk wannan ji na yi. Baban da na sani shi ne wanda motar kamfani ke ɗauka da sassafe daga unguwarmu Karantina zuwa Madinar Masana'antu, yankin kamfanoni, inda yake kula da wani sito na tayil. Karatunsa na shari'a bai samar masa aiki a nan ba. Amma mutanen unguwa ba su manta ko shi wane ne ba. Bayan la'asar ana shimfiɗa masa darduma a ƙofar gida, a kawo masa rigimar gado ko ta aure, ya saurari kowa har ya gama. In ya zo yanke magana sai ya miƙe tsaye, ko da mutum biyu ne kawai a gabansa. Muna yara muna leƙe ta taga muna dariya.

Yayana da ya girma dole ya fita daga iƙamar Baba, wato takardar izinin zama, ya nemi nasa kafili, ɗan ƙasa da zai tsaya masa. Ya samu wani mai shagon gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Hannunsa na da kyau, har gidajen Larabawa ake kiransa. Daga baya suka ɓata da kafilin, mutumin ya kai rahoto cewa ya gudu daga aiki, alhali kullum a gida yake kwana. Wata safiya ya fita da jakar kayan aikinsa, aka tare shi a shingen bincike a hanya, aka duba iƙama, aka tafi da shi.

Baba bai nuna tsoro ba. Ya ce da Umma, "Ƙarya ce aka yi masa, kuma ƙarya tana da magani a shari'a."

Washegari ya sa farar jallabiyarsa, ya naɗa rawani irin na Sudan, ya ce in raka shi. A mota ina jin sa yana maimaita maganarsa ƙasa-ƙasa da Larabcin littafi, yana gyara kalma, yana sake komawa farko.

Wurin da ake tsare masu matsalar iƙama yana wajen gari. Mun sha layi cikin rana tare da mata masu goyo da tsofaffi 'yan ƙasashe daban-daban. Da muka isa taga, wani matashin jami'i ne a zaune, sa'an yayana. Baba ya gyara tsayuwa ya fara. Ban taɓa jin sa haka ba. Muryarsa ta cika wurin, har na bayanmu suka yi tsit. Jami'in bai katse shi ba. Da Baba ya gama sai ya duba na'urar gabansa, ya kira shi baffa da Larabci, ya ce, "Ya ammi, maganarka tana da daɗi. Amma an riga an shigar da shi jerin waɗanda za a mayar ƙasarsu. Halas."

"To a kai ni gaban alƙali," in ji Baba.

"Nan ba kotu ba ce. Sai dai in kafilin ya janye. Yalla, na baya."

Baba ya ɗan tsaya, bakinsa na motsi, wata mata ta ratsa ta gefensa ta tare tagar. Na kama hannunsa muka fito.

Baba ya je wurin kafilin har ya gaji da zuwa. Wani lokaci a ce ya fita, wani lokaci a bar shi zaune a kan benci har a rufe shago. Rana guda da suka haɗu, mutumin ya ba shi shayi, ya ce abin ya wuce hannunsa.

Da ya dawo ya faɗa, Umma ta ajiye ludayin da ke hannunta. "Ustaz, ka tsaya wa mutanen gari guda sun samu gonakinsu. Ɗanka guda ɗaya?"

Ita ma ta san ba ta yi masa adalci ba, ta shige ɗaki tana kuka.

Aka mayar da yayana Sudan, ƙasar da bai san ko titi ɗaya a cikinta ba. 'Yan'uwan Baba suka karɓe shi, suna yi masa dariyar Larabcinsa na Hijaz. Bai daɗe da tafiya ba aka rushe Karantina, muka koma wani ɗan gida a wata unguwa, maƙwabtanmu suka watse kowa inda ya samu. Yayana ya yi aure a can, ya buɗe shago, sai yaƙi ya tashi. Suka bar garin da abin da hannu zai iya ɗauka.

Yanzu Baba ya bar aiki, ƙafafunsa sun kumbura, ni nake riƙe da gidan. Yayana yakan kira in ya samu layi, wani lokaci sai a daɗe ba a ji shi ba. Yana da 'ya mace da Baba bai taɓa ɗauka ba. Kiran da ya yi na ƙarshe ya ɗora ta a cinya ya ce ta gaida kakanta. Ta kalli wayar, ta ɓoye fuska a ƙirjinsa. Baba na cikin lallashinta layin ya yanke. Ya ci gaba da riƙe wayar a gabansa, ya ce in sake gwadawa. Na gwada, ba ta shiga ba.