Inna Ta Ɗinka wa Kwamfutata Riga

Ina tsaka da wasan ƙwallo a kwamfutata, saura kaɗan in zura, sai ta ɗauke ɗif. Da hannuna na haɗa ta, karon farko, da kuɗin albasar bana, bayan wata uku ina jigilar kayanta daga Sakkwato zuwa Boɗinga.

Na leƙa ƙarƙashin tebur. Ashe Inna ta ɗinka mata rigar atamfa, ta toshe fankokin kaf.

Na ce, "Inna, iska take buƙata."

Ta ce, "Rediyon babanka tun zamanin layin sabulu shina cikin riga, bai taɓa zazzaɓi ba. Taka dai raguwa ta."

Na tuɓe rigar, kwamfutar ta huce ta tashi, amma yanzu Inna tana auna allon kwamfutar da igiya.

Jama'a, wa zai taya ni gaya mata?