Ranar da Baba Ya Tafi Duba Mota

Ƙanshin tsamiya da aka dafa da kifi ne ya tare ni a bakin ƙofa, ranar da abokan aikina suka ja ni wani gidan abincin 'yan Thailand a tsakiyar Birmingham. Ban ko cire rigar sanyi ba na ji ni a Longsight, can Manchester, ina 'yar shekara tara, sanye da takalmin makaranta ranar Asabar don shi kaɗai ne mai kyan gani. Ku zauna in ba ku labarin.

Shekarar da aka haifi ƙanena, Baba ya ɗauko Kaka, mahaifiyar Umma, daga Kano don ta yi wa 'yarta wankan jego. Ta sauka cikin tsananin sanyi, lokacin da duhu ke rufe gari tun kafin mu iso gida daga makaranta. Gidanmu irin na jere ne, ɗaki biyu a sama, falo da kicin a ƙasa, sai wata matakala da mutum biyu ba sa iya giftawa a kanta. A cikin wannan ɗan akurkin aka ce suruka da suruki su yi wata shida.

In ba ku tashi cikin abin ba, to ku sani, a wajen su Kaka mace ba ta cin abinci a gaban mijin 'yarta, shi ma ba ya ci a gabanta. Ko ruwa ne sai an kauce. A Kano wannan ba wuya, gida ne da zaure da tsakar gida. A Longsight kuwa sai da dabara. Baba zai yi gyaran murya tun daga saman matakala, Kaka ta rufe kwanonta ta goge baki. Ya durƙusa a bakin kicin ya gaishe ta, ta amsa tana kallon bango. Sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba, sai dai "mutumin gidan nan". Ni kuwa, da wayona na 'yar Manchester, na yanke cewa ba sa ga maciji da juna, har na gaya wa malamarmu haka. Kaka da ta ji, ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Allah ya shirye ki, Baturiya."

Abin da ba na dariya ba shi ne, Kaka ta daina cin abinci. Daddawa da kukar da ta zo da su sun ƙare kafin arba'in, na kantin unguwarmu kuma ta ce sun sha iska. Kazar Ingila kuwa, cewa ta yi wannan ba ta taɓa tona ƙasa ba, ruwa ne kawai. Sai shayi da gefen burodi. Zaninta ya fara yi mata yawa, awarwaron hannunta yana zamewa har gwiwar hannu idan ta ɗaga jariri. GP, likitan unguwarmu, ya ce dole ta ci, in ba haka ba za a kwantar da ita. Ita kuma ta fara cewa a mai da ita gida ta mutu a ɗakinta. Na sha jin Umma tana kuka a banɗaki, famfo a buɗe don kada a ji.

Baba yana ƙarshen karatunsa lokacin, ba barci ba hutu, amma abin ya tsaya masa a rai. A ɗakin bincikensu akwai wani Musulmi daga kudancin Thailand, shi ya kwatanta masa wani ɗan gidan abinci na halal, ya ce su ma da hannu suke cin shinkafa, suna dunƙula ta, kuma ba sa girki ba tsamiya da gyaɗa da barkono. Baba ya dawo yana murna kamar wanda ya ci jarrabawa. Ya ce da Umma, "Na yi booking, Saturday bayan azahar. Ki lallaɓa Hajiya." Kwana uku Umma ta yi tana lallashi, don a wajen Kaka wanda ke da gida ba ya ci a kasuwa. Da ƙyar ta yarda, wai don ta ga gari.

Ranar Asabar aka shiga, ana yayyafi. Wurin ƙarami ne, da ɗumi, tagoginsa sun yi gumi. Wata mata mai fara'a ta kai mu teburinmu. Tebur ɗaya, kujera huɗu, kowa yana kallon kowa. Shekara goma a Ingila ta sa Baba ya tuna da tsamiya, ya tuna da halal, ya manta da wannan. Na ga lokacin da abin ya faɗo masa, hannunsa na kan kujera bai ja ta ba.

Aka zauna dai. Abinci ya fara zuwa: shinkafa a cikin 'yan ƙananan kwanduna masu murfi, kifi kwance cikin miyar tsamiya, kaza a tsinke da romon gyaɗa, da ɗanyar gwanda da aka yanka siri-siri aka kwaɗa. Tururi yana tashi. Ina kusa da Kaka, na ga hancinta ya motsa, na ga ta haɗiyi yawu, abin da na yi makonni ban gani ba. Sai ta ja mayafinta ta naɗe hannuwanta a ciki. Ta ce, "Ku ci. Ni alhamdulillahi, a ƙoshe nake."

Baba ma bai taɓa cokali ba. Umma na tsakaninsu tana jijjiga jaririn da ke barcinsa lafiya lau. Matar wurin ta dawo sau biyu tana tambaya ko akwai matsala. Ni kaɗai nake ci, ina cewa, "Why's nobody eating?" Umma ta take min ƙafa.

Sai Baba ya miƙe yana laluben aljihu. Bai kalli kowa ba ya ce, "Kai, ina jin a double yellow na yi parking, inda aka hana ajiye mota. Bari in duba mota kada warden ya zo ya ci ni tara. Kada ku jira ni." Ƙarya yake yi, ni shaida ce, don sau uku ya zagaya kafin ya sami wurin da ya dace. Na buɗe baki, Umma ta sake take ni.

Ƙofa na rufewa Kaka ta ce a kawo mata ruwan wanke hannu. Ta buɗe kwando, ta gutsiri shinkafa, ta mulmula ta a tafin hannu, ta dangwali miya. Ta tauna a hankali, idonta a rufe. "Ikon Allah," ta ce. "Wa ya koya wa mutanen nan tsamiya?" Ta ɗauki tsinken kaza ta juya shi. "Wannan ai tsire ne, sun dai jiƙa ƙulin." Gwandar ta sa ta zufa, ta share da gefen mayafi ta ci gaba. Umma ba ta ci komai ba, kallon uwarta kawai take yi, hawaye na zuba tana murmushi.

Ni ce mai fuskantar taga. Na goge gumin gilashin da hannun riga, na hango Baba a tsallaken titi, ƙarƙashin rumfar jiran bas. Ruwa ya ƙaru, iska na kaɗo shi ciki, ga shi ya bar rigar sanyinsa a jikin kujera. Bas ta tsaya ta buɗe masa ƙofa, ya girgiza kai, ta wuce. Wata ta zo, haka. Na ƙirga har biyar. A wajen nan, da shinkafa a bakina, na gane ba ƙiyayya ba ce, kuma na ji ina son babana.

Da Kaka ta gama, ta ware tsinke huɗu na kaza ta naɗe a takardar goge baki ta miƙo min. Ko waiwayawa ba ta yi ba ta ce, "Ungo, kai wa mai gadin mota. Ki ce masa ruwa ya ishe shi haka."

Daga ranar bakinta ya buɗe. Baba ya gano inda ake sayar da irin shinkafar da tsamiyar, Umma ta koyi dafawa, Kaka ta cika watanninta shida ta koma Kano da kumatu.

Yanzu ina Small Heath, a nan Birmingham, da nawa iyalin, su Baba ma sun dawo kusa da mu. Mijina da Umma tebur ɗaya suke ci, har gardamar ƙwallo suke yi baki cike. Ban ce sun yi laifi ba, zamani ne, kuma akwai daɗi a haka. Sai dai 'ya'yana ba za su taɓa sanin cewa ana iya girmama mutum da barin masa wuri ba.

Bara Allah ya yi wa Kaka rasuwa. Da masu gaisuwa suka watse, na tarar da Baba shi kaɗai a falo, ya tsufa, hularsa a gwiwa. Ya ce, "Kin san shekara talatin da wani abu, ban taɓa ganin tana cin abinci ba?" Ya ɗago ya dube ni. "Ranar nan, ke kina wurin. Ta ci sosai?"

Na ce, "Ta ci, Baba. Har ƙari ta nema."

Ya gyaɗa kai, ya ce alhamdulillahi, ya rufe fuskarsa da hular.