Gyauron Gonar Baba

Da Baba ya bar aikin gwamnati, mun zaci masallaci da rediyo za su ishe shi. Sai ga shi ya sayo farar saniya ya ɗaure a bayan gidanmu na Tudun Wada, inda a da ake shanyar kaya. Maƙwabta suka riƙa tsokanarsa da kiran Arɗo, bai kula su ba. Shi ke jiƙa mata dusa da kanwa, shi ke share turkenta, kuma wallahi hirar da yake yi da ita ta fi wadda yake yi da mu 'ya'yansa.

Wata kaka ya tafi Kano ta'aziyya, ya bar mini ita kwana uku. Na haura shekara talatin a lokacin, ina aikin ofis, ina ganin kiwon saniya ɗaya ba zai gagare ni ba. Yana shiga mota ya ce, "Akwai harawa a kan ɗaki. Kada ka kai ta gona." Bai faɗi dalili ba, ni kuma girman kai ya hana ni tambaya.

An riga an girbe geronmu, amma ruwan ƙarshe ya sa tushiyoyin sun sake tofowa, abin da manoma ke kira gyauro. Na gan shi kore shar, na tuna ta tana fama da busasshiyar harawa, sai tausayi ya kama ni. Ranar Asabar da sassafe na ja ta zuwa gonar tamu a bayan gari, cikinta babu komai, raɓa ma ba ta bushe ba. Ta ci kamar ba gobe, ni kuma ina gefe ina jin na yi abin kirki.

Hantsi na dubawa ta daina ci. Cikinta ya kumbura ta hagu, na buga na ji shi kamar ganga. Tana nishi, yawu na dalala.

Wani dattijon Bafulatani da ke wucewa da garkensa ya tsaya. "Malam, gyauro ka ba ta da raɓa?" Na ce e. Bai yi mini faɗa ba. Ya gitta mata sanda a baki, ya tura ni rugarsu na karɓo man gyaɗa, muka ɗura mata. Muka yi ta jiran gyatsa, shiru. Can sai ta durƙusa.

Ya zaro wuƙa ya miƙo mini. "Yanka ta tun da sauran rai. In ta wuce, mushe ce."

Na riƙe wuƙar. Ba saniyar nake gani ba, fuskar Baba nake gani ranar da zan ce masa ni na yanka ta. Na ce, "Baffa, mu ɗan ƙara jira." Ya dube ni ya ce, "Dukiyarku ce, ni ba ni da iko." Muna tsaye a kanta ta miƙe ƙafafu. Kafin azahar mun haƙa rami a gefen gonar mun rufe ta.

Da Baba ya dawo, turken ya fara dubawa kafin ya amsa sannu da zuwa. Na gaya masa komai, ban rage ba. Ya daɗe yana kallon igiyar, sannan ya ce, "An dai raba wa mutane naman?"

Na ce ban yanka ba.

"Gyauro ba laifinka ba ne," in ji shi, "ni ne ban yi maka bayani ba. Amma da ka hana wuƙa, ita ka ji wa tausayi ko kanka?"

Na san amsar, shi ma ya sani. Har Allah Ya karɓi ransa bai sake sayen saniya ba, bai kuma bari an cire turken ba.